Taɓon Port Launay da Rajistar da Ba Ta Goguwa

Bas ɗin da ke zuwa Port Launay daga Victoria, babban birnin Seychelles, ba ya bin gaɓar teku, dutse yake hawa. Hanyar Sans Souci siririya ce, kwana na bin kwana, daji ya rufe ta hagu da dama, sai can sama a hango gonakin shayi cikin hazo. Da muka fara gangarawa yammacin tsibirin Mahé, teku ya buɗe a ƙasanmu, shuɗi a nesa, kore-kore kusa da gaɓa, da wasu baƙaƙen tabo a ƙarƙashin ruwan. Waɗannan tabon ciyawar teku ce, kuma ita da bishiyoyin da ke tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda ake kira mangurob, su ne dalilin zuwanmu.

Ni ma'aikacin safiyo ne, awon filaye da zana taswira su ne abincina. Wani horo kan auna kabon ɗin da ke binne a gaɓar teku, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙowa daga iska, shi ne ya kai ni Seychelles, ta Addis Ababa. A ayarinmu akwai wani dattijo malamin daji daga Nijar, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙirga gawo da bagaruwa a gonakin mutane. Tun a filin jirgi sallama ta haɗa mu, daga nan kuma ba mu rabu ba. Ina kiransa Malam, yana kirana ɗana.

Ƙasar tsibirai 115 ce, mutanenta sun ɗan haura 100,000, tudunta gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita 500 ba. Amma ruwan da ke ƙarƙashin ikonta ya zarce murabba'in kilomita miliyan 1.3, ya fi Jamhuriyar Nijar faɗi. Da aka faɗi wannan a aji, Malam ya sa aka maimaita masa. Ƙasa irin wannan dukiyarta a ruwa take, kuma ta daɗe da koyon yadda ake ciniki da ita. A 2016 ta kammala wata yarjejeniya da ƙungiyar The Nature Conservancy, aka sake tsara bashin dala miliyan 21.6 da ake bin ta, bisa sharaɗin za ta kare tekunta. Daga nan SeyCCAT, asusun kiyaye muhalli na ƙasar, ya samu kuɗin da yake raba wa masunta da masu bincike. A 2018 ta fitar da takardar lamuni ta teku, wato takardar karɓar bashi don ayyukan kula da teku, irinta ta farko da wata gwamnati ta fitar a duniya, ta dala miliyan 15, da goyon bayan Bankin Duniya. A watan Maris na 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Danny Faure, ya sa hannu kan kare kashi 30 cikin ɗari na ruwan ƙasar. Shekara guda bayan haka, cikin alƙawarin da ta miƙa ƙarƙashin Yarjejeniyar Faris ta sauyin yanayi, ta ce za ta kare rabin ciyawar tekunta da mangurob ɗinta kafin 2025, dukkansu kuma kafin 2030. Wanda ya yi irin wannan alƙawari dole ya san adadin abin da yake da shi, dole kuma ya samu inda zai rubuta shi kowa ya gani.

Sai da ruwa ya janye muka shiga dajin. Fadamar Port Launay tana cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamun duniya, ta amince da su tun 2004, kuma duk nau'o'in mangurob bakwai da ake samu a ƙasar suna nan. Taɓo ya kai mu gwiwa. Saiwoyi sun tsattsago daga ƙasa suna neman iska, ƙaguwa na ta gudu suna faɗawa ramukansu, wurin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Malamar da ke jagorantarmu, 'yar ƙasar ce, doguwa mai ƙarancin magana, ta miƙo mini bututun ƙarfe ta ce in danna shi har mita ɗaya. Mu biyu muka hau kansa kafin ya shiga. Da muka zaro shi, sai ga taɓo baƙi wuluk, cike da zaren saiwa, a jere kamar yadda shekaru suka ajiye shi. Ta yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da ledarta, da lambarta, da zurfinta, da lambobin wurin daga na'urar GPS. Malam kuwa ya ɗauki tef yana auna kaurin bishiyoyi a daidai ƙirji, aikin da hannunsa ya saba da shi tun kafin a haife ni.

A busasshiyar ƙasa, ganye in ya faɗi sai ya ruɓe, kabon ɗinsa ya koma iska. A nan kuwa ruwa ya toshe taɓon, iskar shaƙa ba ta shiga, don haka ganye da saiwa ba sa gama ruɓewa. Suna taruwa ne shekara bisa shekara, ɗaruruwan shekaru. Mafi yawan kabon ɗin wannan daji ba a jikin bishiyoyin yake ba, yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ranar da aka sare dajin aka tsane ruwan don gina otal ko titi, abin da aka tara tun zamanin kakanni sai ya fara fita.

Washegari a ɗakin gwaji na ga yadda taɓo ke zama lamba. Ana busar da shi a zafin da ya kai maki 60, a auna nauyinsa. Sannan a ƙona shi a tanda mai zafin maki 500 ko kusa da haka, a sake aunawa. Nauyin da wutar ta cinye shi ne na ragowar tsiro, daga shi ake fitar da kason kabon. A ninka da faɗin dajin, a sake ninkawa da 3.67 don a mayar da shi iskar kabon, domin da ita ake ciniki: tan ɗaya, takardar shaida ɗaya, wadda masu fitar da hayaƙi ke saya don su rage shi a lissafinsu. Kowane mataki yana da inda zai iya karkacewa. Bututun da muka danna yana matse taɓon, in ba a gyara wannan a lissafi ba, lambar ta kumbura. Yashin tsibiran nan daga murjani da ɓawon kifi yake, yana ɗauke da nasa kabon ɗin wanda ba a ƙirgawa, sai an raba shi da sinadari mai tsami tukuna. Wani kabon ɗin kuma ruwan sama ne ya wanko shi daga kan dutse, ba dajin ne ya zuƙo shi ba. Malamar ta ɗauki wata leda da lambarta ta goge, ta jefa ta kwandon shara ba tare da ta ce uffan ba. Wahalar rabin yini ke nan ta tafi, kuma daidai ta yi.

Da yamma ne aka zo kan bulokcen. Wani matashi mai rubuta manhajar kwamfuta ya yi mana bayani, kuma ya iya bayani. Matasanmu sun san wannan fasaha ta hanyar kirifto, amma asalinta rajista ce. Kwafinta yana hannun kwamfutoci masu yawa a lokaci guda, kuma kowane shafi yana ɗauke da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi. In wani ya taɓa tsohon shafi, hatiman da ke bayansa duk sun karye, sauran masu riƙe da kwafi kuma za su gani. Ya ce a ɗauka kowane tan na kabon daga Port Launay ya samu lambarsa a wannan rajista, tare da sakamakon gwajin taɓo da hoton tauraron ɗan'adam na ranar. In an sayar, a rubuta. In mai saye ya yi amfani da shi don goge hayaƙin da ya fitar, a rubuta an kashe shi, ba mai sake sayar da shi.

Ni dai maganar ta shige ni, domin na san ciwon da take son warkarwa. Duk wanda ya yi aikin filaye a garuruwanmu ya taɓa ganin fili ɗaya da takardu biyu, kowacce da hatiminta, masu shi biyu a gaban alƙali, kowanne ya biya da guminsa. Kasuwar kabon tana da wannan cuta, har ta fi ta fili muni, tunda kayan da ake sayarwa ba a ganinsa da ido. Shi ya sa sashe na 6 na Yarjejeniyar Faris ya ce in ƙasa ta sayar wa wata ƙasa tan ɗaya don ta sa a lissafinta, dole mai sayarwa ta cire shi daga nata littafin. An tsara dokokin a Glasgow a 2021, aka ƙarasa su a Baku a 2024. Ga Seychelles wannan magana ce mai nauyi, domin ciyawar da ta sa a alƙawarinta na ƙasa ita ce dai 'yan kasuwa ke zawarci. Kuma rajistocin kabon a duniya suna da yawa, kowacce da nata tsarin. A watan Disamba na 2022 Bankin Duniya da gwamnatin Singafo da ƙungiyar 'yan kasuwar kabon ta IETA suka ƙaddamar da Climate Action Data Trust, wadda ke tattara bayanan waɗannan rajistoci a kan bulokcen ɗin Chia, don a iya gane in aiki ɗaya ya fito a wuri biyu. Wannan amfani ne na gaske, kuma ƙaramar ƙasa da ba ta da rundunar lauyoyi ita ce ta fi kowa buƙatarsa.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya dafa ni ya ce in fassara masa tambaya. "Ɗana, tambaye shi, wa yake rubuta shafin farko?"

Matashin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce mutum ne, kuma in mutumin ya rubuta ƙarya, rajistar za ta adana ƙaryar da irin amanar da za ta adana gaskiya. Shi da kansa ya kawo labarin abin da ya faru a ƙarshen 2021, lokacin da dandalin Toucan ya fara mayar da takardun kabon na rajistar Verra zuwa sulallan kirifto. Cikin 'yan watanni an kwashe sama da miliyan 20. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar da yawansu tsofaffin takardu ne na ayyukan da masu saye suka daɗe da juya wa baya saboda shakkar ingancinsu. Sabuwar riga kawai aka sa musu. A watan Mayu na 2022 Verra ta hana yin haka da takardun da aka riga aka kashe. Rajistar ba ta yi kuskuren ko ɗigo ɗaya ba a duk wannan, kowane ciniki yana nan a rubuce, amma hayaƙin da ke iskar duniya bai ragu da komai ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Sheikh Mohamed bin Khalifa da ke tsakiyar Victoria, muka bi ta kasuwar Sir Selwyn Selwyn-Clarke, inda farin balbela ke tsaye a gefen teburan kifi yana jiran rabonsa. Garin ƙarami ne, da ƙafa ake gama shi. Nan ne Turawan Ingila suka ajiye Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, daga 1900 zuwa 1924, abin da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi za su fi ni sani. A 'yan benayen da ke kewaye da mu kuma akwai ofisoshin da manyan kasuwannin kirifto na duniya suka yi rajista, har sai da gwamnati ta kafa dokar sa musu ido a 2024. Mutanen ƙasar nan ba baƙin wannan fasaha ba ne. Sun ga amfaninta, sun ga kuma irin mutanen da take jawowa.

Jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Praslin daga Mahé yana ɗaukar kamar awa ɗaya, kuma a lokacin iskar kudu maso gabas yana girgiza hanji. A Grand Anse iskar ta tara matacciyar ciyawa a bakin ruwa, tuli-tuli, masu yawon buɗe ido suna ratse ta suna yamutsa fuska. Wani masunci da ya haura sittin yana gyaran kejin kamun kifi na gora a inuwa. Ta bakin wani ɗan ƙasar da ke tare da mu ya gaya mana cewa kifin da suke kira kordonnyen, wanda talaka ke ci kullum, a cikin wannan ciyawa yake kiwo, kunkurun teku ma haka. Masuntan tsibirin sun taɓa haɗa kai suka rufe wani yanki na Baie Sainte Anne na wasu watanni, ba wanda ya tilasta musu, don kifi ya samu ya girma. Da aka yi masa maganar sayar da kabon, tambayarsa biyu ce: za a hana shi kafa kejinsa, kuma in kuɗin ya zo ta hannun wa zai biyo?

Auna ciyawar teku ya fi auna mangurob wuya nesa ba kusa ba. Tauraron Sentinel-2 yana ganin ƙasa a murabba'ai masu mita 10, amma sai ruwa ya yi garau kuma ba zurfi, sai kuma gajimare ya ba da hanya. Daga sama, ciyawa da gansakuka da inuwar murjani duk baƙi ne. Dole mutum ya nutse da kyamara ya tabbatar. Mafi yawan ciyawar kuma tana tsibiran nesa, wasunsu kamar Aldabra sun fi kilomita 1,000 daga Mahé. Aikin taswirar da SeyCCAT da Jami'ar Seychelles da Jami'ar Oxford suka yi tare da tallafin gidauniyar Pew ya gano kusan murabba'in kilomita 1,600 na ciyawar, ɗauke da kabon da ya kusa tan miliyan 19. A matsayina na mai zana taswira, na san irin gumin da ke bayan waɗannan lambobi biyu, na kuma girmama su.

Sai dai wannan tarin ba haja ba ce da za a kai kasuwa gobe. Ƙa'idar ciniki ta ce ana biyan kabon ɗin da ba don kuɗin ba da ya tsere, ko wanda aka ƙara ta hanyar dasa sabon daji. Ciyawar da take zaune lafiya a tsibirin da ba kowa, ba mai barazana gare ta, da wuya ta cika wannan sharaɗi. Duk wanda ya zo wa ƙaramar ƙasa da lissafin miliyoyin tan ninki farashin kasuwa, ya ce ga sulallan kirifto a raba, ya tsallake wannan gaɓa ne, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk tafiyar, domin irin wannan lissafi yana da daɗin ji, kuma talaka ne ke sayen sulallan a ƙarshe.

Daga Praslin ƙaramin kwalekwale mai inji ya kai mu Curieuse, tsibiri mai jar ƙasa inda aka killace kutare har zuwa 1965. Yanzu manyan kunkuru ne ke yawo a bakin ruwa, wasu sun fi buhun hatsi biyu nauyi. Akwai gadar katako da ta ratsa dajin mangurob na Baie Laraie. Daga kanta ana hango ragowar wata katanga da aka gina wajen 1910, aka tare bakin ruwan don kiwon kunkurun teku. Kiwon bai yi nasara ba, amma ruwan da ya lafa a bayan katangar ya ba mangurob damar yaɗuwa. A ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami ta iso daga gabashin tekun Indiya ta fasa katangar, tun daga lokacin kuma raƙuman ruwa da yashi suke shigowa, masu kula da wurin suna bin yadda dajin ke sauyawa. Na tsaya ina tunanin a ce an sayar da kabon ɗin wannan daji a 2003, an rubuta shi a rajistar da ba ta goguwa. Rubutun zai zauna daram, dajin kuwa yana motsi. Shi ya sa rajistocin kirki ke ware wani kaso na takardun su ajiye, don cike gurbi in daji ya mutu. Amma kafin a cike gurbin sai wani ya koma cikin taɓo ya ga cewa ya mutu, kuma wannan mutum albashi yake buƙata, da man kwalekwale, da tanda mai aiki a ɗakin gwaji, shekara talatin a jere.

Wata abokiyar horonmu 'yar Kenya ta ba mu labarin Mikoko Pamoja a Gazi, kudu da Mombasa, inda ƙauyuka biyu ke kula da hekta 117 na mangurob suna sayar da kimanin tan 3,000 na iskar kabon a shekara ƙarƙashin tsarin tantancewa na Plan Vivo. Kuɗin ba su da yawa, amma sun kawo ruwan famfo da littattafan makaranta, kuma a taron gari ake yanke yadda za a kashe su. Ba bulokcen a ciki. Abin da ya riƙe aikin shi ne mutanen sun san iyakar dajinsu, gwamnati ta amince da haƙƙinsu a rubuce, kuma kowa ya san nawa ya shigo. Ra'ayina, in za a kawo bulokcen cikin irin wannan aiki, to a nan ya kamata a sa shi: a rubuta nawa mai saye ya biya, nawa dillali ya cire, nawa ya isa ƙauye, a bar shi a buɗe yadda ɗan masunci mai waya zai iya karanta wa ubansa. Dillalan kabon sun saba saye da araha su sayar da tsada ba wanda ya sani. Rajistar da ta tona wannan ta yi aiki, ko da ba ta ƙirƙiri sulalla ko ɗaya ba. Malam ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai wurin da ba mu je ba, domin sai babban jirgin ruwa da tafiyar kwanaki, amma sunansa ya yi ta fitowa a bakin malamanmu: Saya de Malha, wani tudu a ƙarƙashin ruwa tsakanin Seychelles da Mauritius, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 40,000, ɗaya daga cikin manyan filayen ciyawar teku a duniya. Tun 2012 ƙasashen biyu suke kula da ƙasan tekun wannan yanki tare. Ruwan da ke samansa kuwa na kowa ne, jiragen kamun kifi daga nesa suna zuwa su ja tarunsu a kai, ba mai gadi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan manyan tekuna, wadda aka amince da ita a 2023, ta buɗe hanyar kafa wuraren kariya a irin wannan ruwa. Seychelles ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita, a 2024.